Baƙo Raɓa Ne: Hancin Mai Faci da Ɗakunan da Ido Ba Ya Gani

Hanci mai gadi ne nagari, amma a farkon dare kawai. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai faci, ko ya tsaya gaban teburin ɗan bumburutu yana jiran a juye masa kwalba biyu a tankin babur, ya san abin da nake nufi. Da isowarka warin zai buge ka har ka kau da kai. Bayan minti biyar sai ya lafa. Kafin rabin sa'a ka daina jin sa ɗungum, alhali ko ɗigo bai ragu a iskar da kake shaƙa ba. Haka aka halicci jijiyoyin hanci: aikinsu su sanar da kai sabon abu, idan abin ya zauna sai su ɗauka ya zama ɗan gida, su yi shiru. Wannan rahama ce ga majemi da mai sayar da daddawa. Ga wanda ke wuni cikin tururin fetur da sholisho da tina kuwa, shirun nan shi ne asalin matsalar, domin mutumin da ya fi kowa shaƙa shi ne ya fi kowa rashin jin wari.

Tsakanin Tambuwal da Kebbe na tashi, gidan uba a nan, dangin uwa a can. Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, don haka tireloli da tankoki ba sa yankewa, kuma duk inda manyan motoci suke yada zango akwai masu faci, da kanikawa masu wanke hannu da fetur, da masu fenti, da masu gyaran takalma da gam. Kebbe ta fi shiga lungu, ta yi iyaka da Zamfara da Kebbi, kuma rayuwarta ta rataya a kan babur da injin ban-ruwa da janareta. A ƙauyukan wannan yanki gidan mai ba abu ne na kusa ba. Fetur a jarka yake zuwa, a kwalba ake sayar da shi, kuma tun da ya yi tsada bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, ba wanda zai bar jarkarsa ta kwana a waje. A ɗaki take kwana, wani lokaci ɗakin da yara suke barci.

Ina da kawu da ya shekara fiye da talatin yana faci a bakin hanya. Da na fara karatun ilmin sinadarai na zo masa da ɗokin sabon shiga, ina ba shi labarin abin da ke cikin gwangwanin da yake dangwala yatsa a ciki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, warin ga ni ban jin shi. Ku baƙi shi ka damu." Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar tasa ita ce ta fi tayar mini da hankali.

Abin da ke cikin gwangwanin roba ce da aka narkar a cikin wani ruwa mai saurin tashi. Robar ita ake so ta zauna a kan tayar, ruwan kuwa aikinsa ya kawo ta ya tafi, kuma inda yake tafiya shi ne iska. Irin waɗannan ruwaye su ake kira sinadaran narkarwa. A sholisho da gam ɗin takalma akan sami toluwin ko hekzen ko danginsu, gwargwadon kamfanin da ya haɗa. A fetur akwai toluwin ɗin, akwai kuma yayansa benzin. Kowannensu da irin ɓarnarsa. Toluwin mai yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa da ji da ƙoda. Hekzen yana cin jijiyoyin hannu da ƙafa, abin da aka gani a jikin masu haɗa silifa a Japan a shekarun 1960 da masu ɗinkin takalma a Italiya. Benzin shi ne mugun cikinsu, domin ɓargo yake nufa, inda ake ƙera jini. Wani likitan jini a Santambul, Muzaffer Aksoy, ya shafe shekarun 1960 da 1970 yana lura da masu sana'ar takalma da ke zuwa masa da sankarar jini, har ya tabbatar da cewa gam mai benzin da suke aiki da shi a ƙananan shaguna marasa iska ne sanadi. Duk lokacin da na ratsa ta wurin dukawanmu nakan tuna da shi.

A Amurka, tun 1987 doka ta iyakance benzin a wurin aiki ga kashi 1 cikin miliyan na iska, a matsakaicin wuni na sa'a takwas. Hancin mutum, ko da bai gaji ba, ba ya fara jin benzin sai ya haura wannan iyaka. Wato a nan mai gadin bai ma yi barci ba, ɓarawon ne ya fi ƙarfin idonsa. Ta ɓangaren wuta kuma lissafin daban ne: tururin fetur yana kamawa idan ya kai kimanin kashi 1.4 cikin ɗari na iska, kuma ya fi iska nauyi, don haka a ƙasa yake kwanciya, ya bi kwari da rami yana neman tartsatsi. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta kife mutane suka taru suna kwasa, wuta ta tashi ta ci rayuka sama da 150, bai bar wa kowa shakka a kan wannan ba.

To, ana iya ƙera hancin da ba ya gajiya?

An ƙera tun da daɗewa, kuma ba shi da tsada. Wani Bajapane, Naoyoshi Taguchi, ya fito da na'urar shinshina da aka yi da sinadarin kuza, aka fara sayar da ita a 1968 domin gano yoyon iskar gas a gidaje. Ana ɗumama ɗan ƙanƙanin sinadarin ya yi zafin digiri ɗari uku zuwa ɗari huɗu, duk tururi mai kamawa da wuta da ya taɓa shi sai ya sauya yadda lantarki ke ratsa shi. Jikokin wannan na'ura suna nan birjik, ɗaliban injiniya suna sayen su suna haɗa ayyukan kammala karatu. Aibinta ɗaya ne, kuma babba ne: kare ce mai haushin kowa. Fetur, turare, hayaƙin gawayi, giyar da ke cikin man tsabtace hannu, duk haushi ɗaya take yi musu. A rumfar kawuna za ta wuni tana kuka, kafin la'asar a cire mata batir. Abin da ake bukata shi ne na'urar da za ta iya cewa wannan benzin ne, wancan toluwin ne, kuma ga yawan kowanne. A nan ne wani reshe na ilmin sinadarai ya shigo, reshen da masu shi suka raɗa wa suna da kalmomi biyu da Bahaushe ya fi kowa sanin nauyinsu: mai masauki da baƙo.

A 1967 Charles Pedersen, ma'aikacin kamfanin DuPont, ya bayyana wasu molekul masu siffar zobe waɗanda ke rungume ƙwayar ƙarfe a tsakiyarsu idan girmanta ya dace da faɗin zoben. Donald Cram a Amurka da Jean-Marie Lehn a Faransa suka ɗora, suka shiga gina molekul masu rami da gangan, kowane rami da wanda aka yi shi dominsa. Cram ne ya kira mai ramin mai masauki, mai shiga kuma baƙo. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 1987. Abin da ya bambanta wannan hulɗa da sauran haɗuwar sinadarai shi ne ba aure ba ce. Baƙon ba ya sauya kama, mai masaukin ma haka. Riƙo ne mai rauni daga wurare da yawa a lokaci guda, irin riƙon da tafin hannu yake yi wa ƙwai.

Ban taɓa karanta wannan ba tare da tuna fatoma ba. A zamanin fatauci, daga Jega zuwa Gwanja, har zuwa Sabo ta Ibadan a ƙarnin da ya wuce, falke ba ya sauka ko'ina sai gidan fatomansa. Kowane fatoma ya san irin baƙinsa: wannan masu goro yake saukewa, wancan masu shanu. Ya ba su ɗaki, ya tsare musu kaya, ya tsaya musu a ciniki, su gama su tafi, ɗakin ya jira na gaba. Cram ya gano wata ƙa'ida da kowace uwargida ta riga shi sani: mai masaukin da ya riga ya share ɗaki ya yi shimfiɗa ya fi riƙe baƙo a kan wanda sai an yi sallama zai fara kwashe tarkace. A harshen sinadarai, molekul ɗin da raminsa a ƙafe yake, a buɗe tun kafin baƙo ya iso, ya fi kama shi da ƙarfi a kan mai laushi da sai ya naɗe kansa tukuna.

Daga cikin masu masaukin nan akwai wanda ya fi burge ni, domin asalinsa abinci ne. A 1891 wani Bafaranshe, Antoine Villiers, ya bar bakteriya ta ci sitaci, sai ya ga wasu 'yan ƙyalli-ƙyalli sun taru a gefe. Daga baya aka gane zobba ne na sukarin gulukos da ya kama hannun juna: mai shida, mai bakwai, mai takwas. Sunansu saikulodekstirin. Siffarsu kamar turmin da gindinsa ya fita. Bayan turmin yana son ruwa, cikinsa kuwa ba ya so, ya fi son abu mai maiƙo. Ramin mai bakwai faɗinsa ya ɗan haura rabin nanomita (a kaurin silin gashi guda akwai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100), kuma wannan kusan daidai yake da faɗin zoben benzin da na toluwin. Yau ana yin saikulodekstirin da tan-tan daga sitacin masara da rogo da dankali. Shi ne sirrin feshin Febreze da ake kashe warin ɗaki da shi: turaman suna haɗiye molekul masu wari, hanci ya daina samun su.

Na biyu shi ne kaliksarin, wanda David Gutsche ya raɗa wa suna a shekarun 1970 saboda ya yi masa kama da wani kofin Girkawan dā. Ni da ƙoƙo ya fi yi mini kama. A 1979 masana uku a Jami'ar Parma ta Italiya, Andreetti da Ungaro da Pochini, suka haska shi da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi, suka fitar da taswirar wurin zaman kowane atam, sai ga toluwin guda zaune a cikin ƙoƙon, ya cusa kansa ciki. Toluwin ɗin nan dai na gwangwanin kawuna. Daga nan aka ci gaba da zurfafa ƙoƙon ana ɗora masa bango har ya koma kamar tulu. Waɗannan su Cram ya kira kabitan, kuma a Parma ɗin Enrico Dalcanale ya shafe shekaru yana gina irin da ke zaɓen benzin da danginsa daga iska.

Saura tambaya ɗaya: ɗakin da ido ba ya gani, ta yaya za a san baƙo ya shiga? Amsar da ta fi sauƙi ita ce a auna nauyin gidan. Sikelin da ake yin wannan da shi yana cikin agogon bangon da ke falonka. A cikinsa akwai ɗan yankin farin dutsen kwaz wanda idan lantarki ya taɓa shi yake kaɗawa sau 32,768 a sakan guda, ba ƙari ba ragi, da haka agogo yake ƙirga lokaci. 'Yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan ɗabi'a ta kwaz a 1880. A 1959 wani Bajamushe, Günter Sauerbrey, ya nuna cewa idan aka ɗora wa faifan kwaz nauyi komai ƙanƙantarsa, kaɗawarsa tana raguwa daidai gwargwadon nauyin. Makaɗi ya san wannan: ɗan danƙon da ake liƙa wa fatar kotso yana sauya muryarta. A faifan da ke kaɗawa sau miliyan 5 a sakan, raguwar kaɗawa guda tana nufin an ɗora kimanin kashi 18 cikin biliyan na giram a kan faɗin santimita guda murabba'i. A 1964 William King, masani a kamfanin mai na Esso, ya shafa wa irin wannan faifai wani abu mai tsotsar tururi, ya mayar da shi hanci. Abin da masu binciken shekarun 1990 suka ƙara, irin su Franz Dickert a Biyana da Wolfgang Göpel a Tübingen, shi ne sanya masu masaukin nan su zama shafen. A yi wa faifan siririn yaɓe na saikulodekstirin ko kaliksarin, ya zama unguwa mai ɗakuna biliyoyi. Iska ta ratso, baƙin da ɗakin ya dace da su su shiga, nauyi ya ƙaru, murya ta sauka, lantarki ya ƙirga.

A nan ne karin maganar da na ɗora a kan wannan rubutu take da aiki. Baƙo raɓa ne. Idan mai masauki ya riƙe baƙonsa da ƙarfin da ya wuce kima, ɗakunan za su cika a rana guda, ba mai fita, na'urar ta kurmance har abada. Ta zama hancin kawuna ke nan, an dai sauya mata jiki. Idan kuma riƙon ya yi sako-sako, baƙi su leƙa su wuce, sikeli bai ji komai ba. Ana son riƙon da zai isa a auna, amma da zarar iska ta tsarkaka baƙon ya kama hanya cikin sakanni, faifan ya koma muryarsa ta asali. Matsalar ita ce zaɓe da sakin baƙo ba sa tafiya tare: gwargwadon yadda ɗaki ya dace da mutum guda, gwargwadon yadda zai ƙi fita. Duk gwanintar wannan fanni a tsakanin waɗannan biyun take.

Kuma labarin bai tafi sumul yadda na zana shi ba. A 1996 Jay Grate da abokan aikinsa a Amurka suka yi wata tambaya mai ban haushi: shin da gaske baƙin a ɗaki suke kwana? Suka kwatanta yadda shafen masu rami yake tsotsar tururi iri-iri da yadda shafen roba na yau da kullum, wanda ba shi da rami ko ɗaya, yake yi. Sakamakon ya yi kama sosai. Ma'ana, yawancin nauyin da sikeli yake ji na waɗanda suka raɓe a zaure da lunguna ne, tsakanin wannan molekul da wancan, kuma lungu ba ya zaɓen kowa. Sikeli ba ya tambayar inda mutum ya kwana. Ina ganin wannan takarda ta fi da yawa daga cikin masu yabon fasahar amfani, domin ita ta tilasta wa masu bincike su riƙa kawo hujja. Daga nan aka koma sanya faifai biyu gefe da gefe, ɗaya da mai masauki na gaske, ɗaya da tagwayensa da aka toshe wa rami, a ɗebe nauyin na biyu daga na farko. Abin da ya rage shi ne baƙin ɗaki.

Yanzu a ɗauko wannan na'ura daga ɗakin gwaji mai sanyin digiri 25 a kawo ta bakin tashar Tambuwal. Abokan gaba uku ne za su tare ta.

Na farko ruwa. A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, idan zafi ya kai digiri 30 kuma laimar iska ta kai kashi 80 cikin ɗari, tururin ruwa yana kaiwa kashi dubu 30 da wani abu cikin miliyan na iska. Benzin ɗin da muke nema kashi 1 ne. Kowane baƙo guda da aka gayyata yana zuwa ne a tsakiyar 'yan gayyar soɗi fiye da dubu talatin. Ko da ɗakin ba ya son su, bayan turmin saikulodekstirin yana so, kuma kaɗan daga cikinsu idan suka manne sun isa su danne nauyin baƙon. Shi ya sa ake toshe wuraren da ruwa yake kamawa a jikin zoben da 'yan rassa masu maiƙo kafin a shafa shi. Sai kuma hunturu ya zo, laima ta faɗi ƙasa da kashi 20, duk saitin da aka yi da damina ya tashi aiki. Kaɗan ne daga cikin ƙasashen da ake ƙera waɗannan na'urori suke da tazarar laima irin tamu tsakanin Janairu da Agusta.

Na biyu zafi, kuma nasa sharrin baki biyu gare shi. A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yana haura digiri 40. Tsakanin digiri 25 da 40, ƙarfin tashin tururin toluwin yana ninkawa kusan biyu. A daidai wannan tazara riƙon mai masauki yana raguwa da kusan rabi, domin zafi yana girgiza baƙo ya fizge shi daga ɗaki. Wato a watan da rumfa ta fi cika da tururi, a watan ne na'urar ta fi rauni. Wanda ya yi mata saiti a Turai ya kawo ta nan bai gyara lissafin ba, za ta riƙa faɗa wa mai faci lafiya lau a ranar da ya fi shaƙa. Na uku ƙura, wadda bayaninta gajere ne: sikeli ne, ƙurar hunturu kuma nauyi gare ta. Dole a sa matata a gaba, kuma dole wani ya riƙa sauya ta.

Akwai dabaru biyu da aka bi aka rage waɗannan matsaloli. Ɗaya ita ce a raba aikin: mai masaukin ya zama tarko kawai, a zuƙo iska ta ratsa shi na wasu mintuna yana tara benzin da danginsa yana barin ruwa ya wuce, sannan a ɗumama shi ya sake su gaba ɗaya zuwa ga wani ma'auni. Da kabitan ɗin Parma an haɗa irin wannan na'ura domin auna iskar birane. Ɗayar dabarar kwaikwayon hanci ce. Linda Buck da Richard Axel sun nuna a 1991 yadda hanci yake aiki, aka ba su Nobel a 2004: mutum yana da nau'in masu karɓar ƙamshi kimanin 400, ba wanda ya keɓanta da ƙamshi guda, kowane ƙamshi yana taɓa da yawa daga cikinsu da ƙarfi daban-daban, ƙwaƙwalwa ta karanta tsarin. Tun 1982 Krishna Persaud da George Dodd a Jami'ar Warwick ta Ingila suka gwada wannan da na'urori. A jera faifai shida ko takwas, kowanne da irin shafensa, a bar kwamfuta ta koyi tsarin amsarsu. Fatoma guda yana iya ruɗewa, amma idan unguwa duka ta ga baƙo, da wuya a kasa sanin daga inda ya fito. Gine-ginen ɗakunan ma ba su tsaya ba: Nobel ta 2025 ta tafi ga Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi saboda wasu sinadarai masu siffar saƙar zuma, waɗanda ake iya tsara girman ramukansu tun daga zane.

Wa zai amfana? Masu shigo da mai su ne na farko da za a ambata. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da ƙima, ya lalata injuna, ya jawo dogayen layuka a gidajen mai, kuma hukumomi suka ce gwajin da aka saba yi a lokacin bai haɗa da neman metanol ba. Gwaji ba ya ganin abin da ba a aike shi nema ba. Sai dai manyan kamfanoni suna da ɗakunan gwaji da kuɗin sayen na'urori masu tsada. Matar da ta sayi kananzir a kwalba ba ta da su. Kananzir na gaskiya ba ya ba da tururin da zai kama wuta sai ya ɗumama zuwa digiri 38 ko fiye, fetur kuwa yana bayarwa ko a cikin ƙanƙara, don haka kaɗan daga cikinsa a fitila ko risho ya isa ya tashi gida. A tururin da ke saman kwalbar bambancin a fili yake, kuma wannan aiki ne da ƙaramar na'ura za ta iya.

Akwai kuma waɗanda suke neman tururin da kansu. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da kayan maye a Najeriya, kimanin dubu 300 daga cikinsu masu shaƙar sinadaran narkarwa ne. Mun san su. Yaran tasha ne masu tsumma a dunƙule cikin hannu, kuma sholisho ya zama nasu ne domin ya fi komai araha, ba a kuma hana sayar da shi ba tunda kayan sana'a ne. Na san da zarar an ji labarin na'urar da ke gane toluwin a iska, tunanin wasu zai tafi ga kame. Ba na goyon bayan wannan. Yaron da ke shaƙa ba ya ɓuya, duk tasha ta san shi, kuma numfashin mai facin da bai taɓa neman maye ba zai amsa wa na'urar kamar yadda na yaron zai amsa. Wanda abin ya ɓuya masa shi ne mai sana'a, da almajirinsa ɗan shekara goma sha biyu da ke shafa gam da yatsa, da matar da ke shimfiɗa wa yara tabarma kusa da jarka. Su ne ba su san adadin ba, kuma su ne adadin zai sauya wa hali.

Domin maganin kansa ba ya bukatar kwaz. A rufe gwangwani bayan kowace dangwala, a yi aikin gam a inda iska ke ratsawa, a daina wanke hannu da fetur, a daina zuƙo shi da baki ta tiyo, a fitar da jarka daga ɗakin kwana zuwa wani ɗan rumbu mai inuwa. Kawuna ya ji duk wannan daga bakina, bai ɗauka ba, kuma ban ga laifinsa ba: ni magana na kawo, shi kuwa hancinsa yana ba shi shaidar cewa babu komai. Mutumin da ya yarda da geji wajen auna iskar taya, ba ya yarda da matsa ta da yatsa, zai yarda da lamba idan ya ga tana hawa da ya buɗe gwangwani, tana sauka da ya rufe.

Kayan wannan aiki ba su fi ƙarfinmu ba. Faifan kwaz abu ne mai araha, saikulodekstirin daga sitacin rogo ake yin sa, lantarkin ƙirga kaɗawa kuwa ɗalibin injiniya na aji uku zai haɗa shi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana Sakkwato, jami'ar kimiyya da fasaha tana Aliero, tsakaninta da Tambuwal tafiya ce ta ƙasa da sa'a guda. Abin da babu mai yi mana shi daga waje shi ne awon shekara guda cur a wurin da abin yake: faifai biyu, mai rami da marar rami, da ma'aunin zafi da na laima a gefensu, a rataye a rumfar faci a bakin hanyar Jega, wasu kuma a ɗakin ajiyar mai a Kebbe, ɗaya a tsayin hancin babba yana zaune, ɗaya a tsayin tabarma. A fara da hunturu, a ratsa bazara, a kai ƙarshen damina, a riƙa kai samfurin iska ɗakin gwaji kowane wata ana gwada amsar na'urar da ta babban ma'auni.